Onarabul, A Ba Mu Makullin Famfonmu

Zuwa ga Mai Girma Onarabul, wakilinmu a majalisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka sannu da aiki, sannu da jama'a, sannu da zirga-zirga. Ina gaishe da iyali da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Ban sa sunanka a kan takardar nan ba, domin ba tonon silili na zo yi ba, kuma na san kafin ka kai layi na biyar za ka gane da kai nake.

Sunana Manu. Ina wankin hula a bakin wani layi a Bagadaza, nan cikin Gombe. Kai ba ka san sunana ba sai kwanan nan, amma ni na san girman kanka ko da idona a rufe yake, domin shekara uku ke nan ni ke wanke maka huluna. Zannar nan taka mai ruwan toka, da damangar da kake zuwa ɗaurin aure da ita, duk ta hannuna suka bi. Kowace Laraba da hantsi Alhaji Bala, wanda muke kira Kodineta, mai kula maka da harkokin unguwarmu, yakan kawo su cikin leda a kan babur, ya karɓi na makon jiya. Ka ga ke nan ni ma ina cikin gwamnati, ko da ta ɓangaren sitaci ne.

An aiko mini da saƙo cewa ba za a saki makullin famfon layinmu ba sai na fito bainar jama'a na ba ka haƙuri. To ga ni na fito. Sai dai malaminmu, Malam Bappa, ya koya mana cewa ba a tuba a dunƙule. Mutum ya san laifin da ya yi, ya ambace shi da sunansa. Don haka ka yi haƙuri in ɗauko maganar daga tushe, kowa ya ga nasa kason, ni ma in ɗauki nawa.

Na ɗaya: yadda muka samu famfon.

Duk wanda ya zauna a Gombe ya san ruwa ba abin wasa ba ne. Lokacin kamfen ka shigo layinmu da ƙafa, ka zauna a kan benci kamar kowa, ka ce mu faɗi abu ɗaya da ya fi damun mu. Maza da mata, baki ya zo ɗaya: ruwa. Ka ce an gama. Ranar zaɓe na rufe teburina, na bi layi tun safe har azahar, rana ta gasa mini ƙeya, na dangwala maka.

Kuma ka cika alkawari, wannan ko maƙiyinka ba zai musa ba. Ba a yi wata shida ba aka haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, aka ɗora tanki a sama, aka jera kawunan famfo huɗu, aka liƙa hotonka a jikin tankin, wanda ya fi ƙofar zauren Jauro, mai unguwarmu, girma. Ranar buɗewa mata sun yi guɗa har muryarsu ta dishe. A ƙarƙashin tankin aka gina wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe, inda kayan wutar injin suke. Aka datse shi da kwaɗo, Kodineta ya jefa makullin a aljihu. Duk muna tsaye muna kallo. Wanda ruwa ke zuba a bokitinsa ba ya tambayar inda makulli ya kwana.

Na biyu: yadda ya tsaya.

Shekara ɗaya da rabi muna cikin ni'ima. Ran nan da safe famfo ya yi tari sau biyu, ya tofar da iska, ya yi shiru. Yau wata bakwai ke nan.

A layinmu akwai Yohanna, mutumin Kaltungo, mai gyaran wayar wuta. Ya zagaya tankin, ya duba farantan sola, ya kara kunne a jikin ƙofar ƙarfen, ya ce a ganinsa matsalar tana ciki, kuma mai yiwuwa ƙaramar aba ce, amma shi ba boka ba ne, sai ya buɗe ya gani. Jama'a suka ce za a yi karo-karo a sayi duk abin da ya lalace. Aka nemi makulli wajen Kodineta. Ya ce aikin Onarabul ne, ba a taɓa shi sai da izinin Onarabul. Wani ɗan kasuwa, wanda ake raɗe-raɗin yana hararar kujerarka, ya ce zai gyara fisabilillahi. Kodineta ya ce duk wanda ya kusanci tanki mai hoton Onarabul da sunan gyara zai kwana a hannun hukuma. Samari suka ce a fasa kwaɗon kawai. Jauro ya hana, ya ce ba za a ce a zamaninsa aka fasa kayan gwamnati ba.

Ga inda muka tsaya ke nan, ranka ya daɗe: ba ka gyara ba, ba a bar mu mun gyara ba, ba a bar wani ya gyara ba.

Ni kam ba zan yi maka ƙarya in ce na fi kowa shan wahala ba. Ina sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa, in fanshe a kan masu hula, har da naka kan. Wadda abin ya durƙusar ita ce Ya Falmata. Dattijuwa ce da ta zo daga Borno a shekarun tashin hankali, da jikoki uku a hannu, ta kama ɗaki a layinmu tana wankau. Lokacin da famfo ke aiki, igiyoyinta ba sa rabo da shanya. Yanzu sai ta tsallaka kwari da jarka a ka, ta dawo, ta sake komawa, gwiwa kuwa ta ƙi. Gidajen da ke ba ta wanki sun fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, domin kaya na kwana uku a wajenta ba a taɓa ba. Ita ce kuwa ta bi gida-gida lokacin zaɓe tana ce wa mata ga yaron kirki ya zo. Ga bazara ta doso, ka kuwa san zafin garin nan ba ya jin bari.

Na uku: ƙofofin da muka ƙwanƙwasa.

Kada a ce mun fara da tsiya, bari in lissafa maka ladabin da muka yi.

Mun kira lambar wayar da ka ba mu da bakinka, wadda ka ce ƙofarka ce da ba ta rufuwa. Kullum wata mata ce ke amsawa, ta ce ba a samun mai lambar a halin yanzu. Mun saba da muryarta, har abokina Isiya ya ce zai tura a tambayo masa ko tana da miji.

Na je ofishinka na mazaɓa sau uku. Allon yana nan, hoton yana nan, ƙofa a garƙame. Wata maƙwabciya ta mayar da barandar wurin shanya kuɓewa. Zuwana na farko kuɓewar ɗanya ce, na biyu ta yi yaushi, na uku an kwashe ta an daka, an shanya tattasai. Ita kaɗai ce ma'aikaciyar da na taɓa tararwa a ofishin, kuma gaskiya tana ƙoƙari.

Jauro da dattawa uku suka sa manyan riguna, ni na wanke musu huluna kyauta, suka nufi gidanka. Ranar farko masu gadi suka ce kana zaman majalisa. Ranar biyu ka tafi Abuja. Ranar uku kana hutawa, amma aka miƙo musu ruwan leda mai sanyi ta ƙaramar ƙofa. Jauro ya ce a gode maka, domin shi ne ruwa na farko da ya fito daga hannunka zuwa layinmu tun da famfo ya tsaya.

Aka rubuta takarda da boko, aka buga mata hatimin Jauro, aka ba Kodineta. Ya ce ta hau tebur. Har yau ba ta sauko ba.

Daga nan na gwada tawa dabarar. Na yanki 'yar takarda, na rubuta da ajami cewa famfonmu ya tsaya, a taimaka da makulli, na naɗe, na soke ta a cikin ƙubenka mai ruwan ƙasa. Bayan mako biyu hular ta dawo wanki. Na leƙa, takardar tana nan inda na sa ta, gumi ya jiƙa ta, tawada ta narke. Ka yi yawo da ita a ka, Allah kaɗai ya san taro nawa, ba ka ji ta ba. Da na ba Malam Bappa labari, cewa ya yi da laya na ɗinka maka da ta fi saurin kama ka.

Na huɗu: abin da na lura da shi, da abin da na ƙulla.

Mai wankin hula yana zaune a bakin hanya, ido kuwa ba ya azumi. Na lura da cewa akwai wuri ɗaya da ba ka taɓa makara ba, shi ne zaman makoki. Ko a Shamaki aka yi rashi, ko a Manawashi, kafin a kai sadakar uku hotonka ya fito a waya, hannu a sama, kai a sunkuye. Ban ce abu ne mara kyau ba, ta'aziyya hakki ce. Na kuma lura da yadda labarin ke isa gare ka: Kodineta na yawo a babur, duk inda ya hango rumfa da tabarmi da dattawa a jikin bango, sai ya zaro waya.

Da Jauro ya ce za a yi taron layi a kan maganar ruwa, ya tambayi wa zai shirya wuri, sai na ɗaga hannu. Ya kamata dattawa su yi zargin wani abu tun a nan, domin ban taɓa ɗaga hannu a aikin gayya ba. Na ce a sa taron Laraba da hantsi. Na kafa rumfar ƙungiyar matasa a gindin tankin, na aro tabarmin masallaci na shimfiɗa su a jere, na jera butoci a gefe. Dattawa suka zauna a jikin bango, kowa da carbinsa, domin dattijo ko ina ya zauna carbi zai ja. Na gaya wa samari cewa duk wanda ya yi dariya ko ya danna waya zai ɗebo wa Ya Falmata jarka biyu. Suka sunkuyar da kai kamar na Allah. Na rufe teburina, na zauna a ƙarshen tabarma.

Kodineta ya shawo kwana da ledar huluna, ya taka birki a bakin layi. Ya tsaya yana kallo. Bai ƙaraso ba, bai yi sallama ba, bai tambayi ko yaro ba. Ya juya babur.

Na biyar: zuwanka.

Jauro bai gama bayanin abin da ya tara mu ba muka ji motoci. Wata bakwai muna neman ka da waya da takarda da manyan riguna, ashe tabarma shida da buta huɗu sun isa su kawo ka kafin shayi ya huce.

Ka sauko cikin farar shadda, damangar da na wanke tana sheƙi a kanka, mai ɗaukar hoto na biye. Ka tuɓe takalmi, ka bi dattawa da musabaha ɗaya bayan ɗaya, ka zauna kusa da Jauro, ka ɗaga hannu. Addu'a ce mai tsawo, kuma mai kyau, Allah ya karɓa. Ka roƙa wa mamaci gafara da sanyin kabari, mu kuma muka yi ta amin, domin ba a katse addu'a, kuma babu gidan da ba shi da mamaci. Aka shafa. Da a nan ka tsaya, da mai yiwuwa an rabu lafiya. Sai ka girgiza kai, ka yi ajiyar zuciya, ka ce: "Mutumin kirki ne, wallahi. Ko kwanan nan muka yi waya da shi."

Jauro, wanda ni shaida ne bai san komai game da shirina ba, ya ɗauka kai ne ka zo mana da mummunan labari. Ya kama hannunka da hannu biyu, ya ce: "Innalillahi. Ranka ya daɗe, wa aka rasa?"

Ka dubi Kodineta. Kodineta ya dubi ƙasa. Mai hoto ya sauke na'urarsa. Can daga inda mata ke tsaye a bakin zaure, Ya Falmata ta ɗaga murya da Hausarta ta Borno, ta ce: "Ɗana, mu famfo ne ya tara mu, kowa lafiyarsa ƙalau. Amma tunda akwai lambar da ake samun ka, ba mu ita mana. Mu ma mutanen kirki ne."

Samarin da na yi wa barazana da jarka biyu suka fashe da dariya, ranar nan tara ta hau kan kowa, har da ni.

Zan faɗi alherinka a nan, domin na gani da idona. Ba ka tashi a fusace ba. Ka yi dariya, ka share fuska da hannun riga, ka gyara zama. Yohanna ya yi maka bayanin ɗan ɗakin da kwaɗon, mata suka faɗi nasu, Jauro ya ƙara da nasa. Ka saurara, ka yi tambayoyi, ka ce cikin satin nan za a duba. Zaman bai fi rubu'in awa ba, amma tun da na dangwala maka, ranar ce kaɗai na ji ƙuri'ata tana numfashi.

Na shida: abin da ya biyo baya, da rabon laifi.

Ashe Isiya ya ɗauki abin a waya ta ƙarƙashin hammatarsa. Kafin Juma'a bidiyon ya zagaye gari. A kasuwa in aka tambayi mutum labarin wani, ko da jaki ne, sai ya ce ai ko kwanan nan suka yi waya da shi. Satin da ka ce za a duba ya wuce, na bayansa ya wuce. Huluna suka daina zuwa. Sai ga Kodineta a zauren Jauro da saƙon da na faɗa a farko, wai makulli ba zai fito ba sai yaron da ya shirya wulaƙancin nan ya ba da haƙuri a gaban duniya.

To ga kasona. Ni na zaɓi Laraba, na san abin da na zaɓa. Ni na shimfiɗa tabarmi irin shimfiɗar makoki. Ni na sa samari sunkuyar da kai. Bidiyo ba ni na ɗauka ba, amma ban hana ba, kuma na kalle shi ya fi a ƙirga. Malam Bappa ya kira ni, ya ce mutuwa ba abar kwaikwayo ba ce, kowa zai zauna a kan wannan tabarmar da gaske, wata rana kuma a zauna dominsa. Ya sa ni istigfari, ya ɗora mini cika butocin masallaci na mako guda. Dada, mahaifiyata, ta ce ita ba ta yi mamaki ba, tun ina goye nake zare wa mata ɗankwali ta baya. Na karɓi duk wannan. Kai sa'an mahaifina ne, na sa an yi maka dariya a gari, kuma ina ba ka haƙuri da zuciya ɗaya. Ka yafe mini don Allah.

Ga kuma abin da ba nawa ba. Ban aika a kira ka ba. Ban ce wa kowa an yi rasuwa ba. Kodineta yana da baki, da ya ƙaraso taku ashirin ya ce lafiya, da an gaya masa. Maganar waya kuwa, ranka ya daɗe, wannan daga aljihunka ka zaro ta. Sannan Ya Falmata ba ta kafa rumfa ba, ba ta aro tabarma ba. In ni na yi laifi, ban ga dalilin da gwiwarta za ta biya ba.

Na bakwai: tambayar da ta hana ni sakat.

Ni karatuna na allo ne da zaure, bokon da nake rubutu da shi a waya na tsince shi. Abin da na sani game da wakilci, a wajen ɗaurin aure na gan shi. Ango ya naɗa wakili, wakili ya je ya zauna gaban liman, ya ce na karɓa masa. Sannan ya taso ya dawo ya ce wa ango ga yadda aka yi. Ban taɓa jin wakilin da ya karɓi aure ya wuce da amarya gidansa, ya kashe waya, ya ce a haɗu bayan shekara huɗu ba. Kakana ma da yake ba da shanunsa kiwo, duk ranar da ya ga dama yakan ɗauki sanda ya je ruga ya duba haƙarƙarinsu, makiyayi kuwa bai isa ya ce masa yana hutawa ba.

To mu namu wakilcin wane iri ne? Rana ɗaya mu ne masu gari, ana kiran mu iyayen gida, ana tambayar abin da muke so. Daga washegari kuma sai mu koma masu leƙen ƙofa. Na ji a rediyo wani mai sharhi yana cewa doka ta ba mu ikon yi wa wakili kiranye, in fiye da rabin masu rajista a mazaɓa suka sa hannu, aka zo aka tantance su. Na kai wa Jauro labari, ya yi dariya har ya sarƙe, ya ce rabin layin nan ma bai taɓa tara su a sallar asuba ba. Kuma ko da zai yiwu, wa ya ce muna son tsige ka? Ya Falmata ba kujerarka take nema ba, ruwa take nema. Mai neman allura aka nuna masa gatari, an taimake shi?

Tsakanin ranar dangwale da ranar tsigewa, ina ƙaramar ƙofar da talaka zai ƙwanƙwasa a ce masa shigo? Na neme ta a waya, na neme ta a ofis, na neme ta a cikin hula, ban same ta ba sai da na kwaikwayi makoki. Ba da tsokana nake wannan tambayar ba. In ikon da muke da shi a kan famfon da aka haƙa da sunanmu bai kai mu buɗe ƙofarsa mu leƙa ba, to ina so ka gaya mini me ya rage a hannunmu, domin in gaya wa samari. Isiya ya riga ya ce katin zaɓensa ni zai ba in riƙa kankare busasshen sitaci da shi. Na ce ya adana abinsa tukuna, ba a gama magana ba. Kada ka sa in ji kunya a gabansa, domin shi ba ya mantuwa.

Buƙatuna, ranka ya daɗe, ba su da nauyi.

Ta farko, a ba Jauro makullin ɗan ɗakin nan, ya zauna a hannunsa. Yohanna ya buɗe ya duba. In abin da za mu iya ne, mu yi da kanmu. In ya fi ƙarfinmu, mu dawo gare ka da sunan abin da ya lalace, ba da zato ba.

Ta biyu, in kana tsoron a ce wani ne ya gyara, ka kwantar da hankalinka. Hotonka zai zauna a jikin tanki, babu mai taɓa shi. Duk wanda ya sha ruwan ya san wanda ya haƙa.

Ta uku, ka ware mana rana ɗaya a wata, ko a wata biyu, ka zauna a ofishin mazaɓa da ƙofa a buɗe. Ba sai ka raba komai ba. Mun ga yadda kake saurare in ka zauna, kuma ka iya. Mai shanyar tattasai za mu samo mata wani wurin.

Ta huɗu, hukuncina ya tsaya a kaina. In ka ce hulunanka ba za su sake hawa teburina ba, na yarda, hakkinka ne. Sai dai a gaya wa wanda ke wanke su yanzu ya rage sitaci, na ga hotonka na shekaranjiya, damangar ta tsaya kamar tukunya.

Ta ƙarshe. Laraba mai zuwa da hantsi za mu sake zama a gindin tankin. Jauro ya san da wannan, Malam Bappa ya sa albarka, kuma wannan karon ba ni ke shirya wuri ba, an ƙwace mini muƙamin. Ina sanar da kai tun yanzu a rubuce: babu wanda ya rasu, duk waɗanda za ka tarar masu rai ne, masu ƙishirwa. In ka samu zuwa, muna maraba, Ya Falmata ta ce za ta ajiye maka kujera a inuwa. In aiki ya riƙe ka, makulli ba shi da nauyi, ko mai babur aka ba zai kawo.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Allah ya raba ka da mugun mashawarci, ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya, ko da masu wankin hula ne. Allah ya yi wa zuriyarka albarka. Allah ya shayar da kai ranar da kowa ke ƙishirwa, saboda shekara ɗaya da rabin da ka shayar da mu. Watanni bakwai ɗin nan kuwa, mutanen layi sun ce in gaya maka a shirye suke su yafe, ranar da suka ji kwaɗon nan ya buɗe.

Wassalam.

Naka mai biyayya daidai gwargwado,
Manu Mai Wankin Hula,
Bagadaza, Gombe.